Sunayen da Ticha Ya Zagaye da Jan Biro

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ni ce Asabe, matar Malam, a nan Kontagora. Ni ba gwanar alƙalami ba ce, shekara biyu kacal na yi a makarantar horon malamai aka ɗaura mini aure. Amma na yi jinyar mijina wata biyar, da ƙyar na fito da shi da rai. Duk matar da aka ce mata ciwon mijinta baiwa ce, ta ajiye abin da take yi ta karanta wannan.

Malam malamin gona ne, babur ɗinsa ya fi sanin hanyar Nasko da Auna a kan ƙofar gidanmu. Gidansu gidan malamai ne tun kafuwar gari, kowa da sashensa, rijiya ɗaya a tsakar gida. Rijiyar Kaka ake ce mata, don kakansu Malam Buba ne ya haƙa ta. Akwai al'ada a kanta: namijin gidan ba ya yarda a ɗebo masa ruwan alwala, da hannunsa zai ja guga, wai neman albarka. Bakinta kuwa bai kai gwiwa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Abin ya fara ne a tsakiyar bazara, a shekarun nan da man fetur ya yi wuya. Da safe yana shan koko sai ya ɗaga kai ya ce, "Asabe, kin ji ƙamshin ruwan farko?" Na dubi sama, wasai, ko gajimare babu. Kafin in yi masa dariya idonsa ya tsaya cak. Bakinsa yana motsi kamar mai tauna, yatsunsa suna tsinkar bakin riga. Na kira shi sau uku, shiru. Ya kai tsawon Fatiha ƙafa uku kafin ya dawo, yana hawaye yana murmushi. Ya ce wani sanyi ne ya taso masa daga ciki, sai haske ya rufe komai, bai taɓa jin yana kusa da Ubangiji haka ba. Na ce masa ma sha Allah, amma wallahi gabana faɗuwa yake.

A mako na biyu ya yi sau huɗu. Labari ya zaga gida, sai ga mutane suna shigowa, ba dubiya ba, barka. Gadon gida ne ya sauka a kansa, in ji su, haka Malam Buba yake yi. Wani tsohon almajirin mahaifinsa har da durƙusawa yana neman addu'a.

Wanda ya fi kowa rawar kai shi ne ƙaninsa Sa'idu, da muke kira Ticha, malamin kimiyya a wata sakandare. Abokin wasana ne, "matarmu" yake ce mini, ni kuma ba na raga masa. Ya shigo da wata mujallar Turanci da ya samo a Minna. Ya ce masu bincike sun gano wani wuri a ƙwaƙwalwa, saitin kunne, inda mutum ke jin Allah, kuma suna zaton gadonsa ake yi a cikin ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gadon tsawo ko wushirya.

"Matarmu, duba ki gani. An yi ido saboda akwai haske. An yi kunne saboda akwai sauti. To wannan wurin don me aka yi shi? Shekara nawa yara suna tambayata hujja a aji, yau ga ta a cikin gidanmu."

Na ce, "Ticha, ai mai zazzaɓi ma yana ganin dodanni a bango. Akwai su ke nan?"

Ya yi dariya ya ce mata ba su san kimiyya ba. Washegari ya dawo da ƙaton farin kwali, ya zana zuriyarsu tun daga Malam Buba, maza da mata, layi-layi. Duk wanda aka san yana ganin haske ya zagaye sunansa da jan biro. Sunaye huɗu ne: Kaka, da 'yarsa Ladi, da ɗansa Baba Audu, sai mijina.

Mako na huɗu aka kawo mini Malam a bayan akori-kura. Ya faɗi da babur a hanyar Nasko. Waɗanda suka tsince shi sun ce ba abin da ya bige shi, gani kawai suka yi ya sandare ya nufi daji. Ya kuje daga kafaɗa har gwiwar hannu, ya ciji harshe, wandonsa a jiƙe. Muka kwana uku a asibitin gari. Mai yankan kati ya bar ni tsaye tun hantsi har azahar yana cin gyaɗa, Allah ya shirye shi. Wata nas kuwa, 'yar Zuru, ita ta wanke masa ciwo da hannunta, ta kuma koya mini abin da har yau nake koya wa mata: in ya faɗi a kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki, kuma yawunsa ba ya sa wa kowa komai. Allah ya saka mata da alheri duk inda take. Likitan bai yi wani kwana-kwana ba, ya ce farfaɗiya yake zato, mu je Kaduna a auna.

Da na maimaita kalmar a gida kamar na zagi Kaka. Babban wansu ya kira ni zaure ya ce kada ya sake jin ta, akwai 'yan mata a gidan nan da ke jiran miji. Shawara kuwa ta zubo kamar ruwan Agusta. Wannan ta ce rubutu, waccan ta ce hayaƙi, wata ta kawo sassaƙe daga Bangi, wani ya ce kada a kuskura a ba shi maganin asibiti a kori baƙin alheri. Rubutun ya sha, ban hana ba, ni ma ina sha. Amma na sayar da tunkiyata da keken ɗinki na ce Kaduna sai mun je.

Abin mamaki, Ticha ne ya goya mini baya. Ba don ya yarda ciwo ba ne, shi takardar na'ura yake so ya haɗa da kwalinsa. Muka yi kwana biyu muna zuwa tasha babu motar da ta sami mai, rana ta uku muka matsu a Fijo mu tara. Tun daga Tegina har Birnin Gwari hannuna na kan hannun Malam, ina kallon hancinsa, ina tsoron kada ya fara shaƙar ƙamshin nan.

A Kaduna muka yi kwana shida a gidan wata 'yar uwata kafin layi ya zo kanmu. Aka manna masa wayoyi a ka da wani abu mai danƙo, wasu allurai suna ta zane a doguwar takarda. Likitan dattijo ne mai tabon salla a goshi. Ticha bai bari ya zauna sosai ba ya baje masa kwali a tebur, ya yi bayani da Turanci har da nuni. Likita ya daɗe yana duban jajayen sunayen nan, ya ce wannan aiki ya yi kyau, ya rage masa tambayoyi da yawa, irin wannan ciwon a wasu gidaje yakan bi jini. Sai ya juya Hausa saboda ni.

"Malam Sa'idu, wani abokin aikina ya karanta irin mujallar nan taka, ya ce ta nuna babu Allah, ƙwaƙwalwa ce ke ƙirƙira. Kai ka karanta ka ce ta nuna akwai. Mujalla ɗaya. Ni ina salla, amma ba a takardar nan na samo ba. Abin da na gani a nan shi ne, wuta tana tartsatsi a saitin kunnen yayanka."

Sannan ya ɗora yatsa a kan kwalin ya ce, "Waɗannan ukun, yaya suka rasu?"

Ticha ya ce, "Cikin ibada, ranka ya daɗe."

Likita ya dube shi ta saman tabarau. Ya rubuta ƙwaya, safe da yamma, ya ce ba fashi ko na rana ɗaya, kuma wanda ya daina farat ɗaya faɗuwarsa ta gaba takan fi ta baya muni. Babu babur, babu hawa sama, babu tsayuwa kusa da wuta ko ruwa.

Makonni biyar da suka biyo baya bai faɗi ba ko sau ɗaya. Na fara barci, na fara cin abinci. Amma Malam ya zama wani mutum, ga kasala, ga yawan gyangyaɗi, ga shiru. Wata rana da la'asar na same shi zaune a kan buzu bayan sallama, ya zuba wa bango ido.

Ya ce, "Asabe, salla ta zame mini tuwo ba miya. Sa'idu ya ce abin da nake gani shi ne hujja. To in ƙwaya ƙarama kamar ƙwayar dawa tana iya kashe hujjar, me na gani ke nan? In kuma gaskiya na gani, don me nake kashe shi da hannuna?"

Tun ranar nake jin haushin Ticha, haushi na gaske ba na wasa ba. Mijina shekara arba'in yana sallarsa lafiya lau, bai taɓa neman shaida ba. An zo an ɗaura masa imaninsa a jikin ciwo, yanzu duk inda ciwon ya yi, can imanin zai bi.

Kajina ne suka tona asiri. Na ga suna tangaɗi da rana tsaka, zakara ya kwanta a gindin turmi ya kasa cara. Na zaci cutar kaji ce ta shigo, har na fara jiƙa musu maɗaci. Sai na bi wata kaza bayan randa na gan ta tana tsattsagar wani farin abu. Ƙwayoyin Malam ne. Kullum in na miƙa masa ya kai baki ya kurɓi ruwa, ashe a tafin hannu take, in na juya ya wurga. Dama kwana biyu na ga fuskarsa ta washe, na ɗauka sauƙi ne.

Na tare shi, bai musa ba. Ya ce Sa'idu zai yi lacca ranar Asabar bayan azahar a makarantarsu, a kan hujjar samuwar Allah daga kimiyya, kuma shi zai tashi ya ba da labarin abin da yake gani. Ba zai tsaya gaban 'ya'yan mutane yana ba da labarin abin da ya riga ya kashe ba. Bayan lacca zai koma kan magani. Na roƙe shi, na yi kuka, na ce zan tafi gidanmu. Ya ce in yi haƙuri, kwana huɗu ne. Na samu Ticha, shi ko sani bai yi ba, amma da ya ji sai ya sosa ƙeya ya ce, "Matarmu, kwana huɗu ai ba komai ba ne."

Tambayar likita ce ta riƙa yi mini yawo a ka. Ranar Alhamis na ɗauki goro na shiga ɗakin Goggo Dije, ƙanwar mahaifinsu, ita kaɗai ta rage a 'ya'yan Malam Buba. Tana tsintar wake a faifai. Na ce, "Goggo, yaya Kaka ya rasu?"

Ta ce, "Yana alwala. Kowa ya sani."

Na ce, "Goggo, ɗanki ya daina shan magani, kuma sau biyar yake zuwa bakin rijiya a rana."

Faifan ya tsaya. Ta ce in saki labule.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, 'yar nan. Alwala zai yi, wannan gaskiya ne. Ina da shekara goma sha biyu, ina tsaye da buta a bakin rijiya. Ya ce mini, Dije, kin ji ƙamshin ruwa? Sai ƙafafunsa na gani. Da ƙugiya aka fito da shi. Yaya Ladi kuwa an ce ta cika tana zikiri. Tana zikirin, amma a gaban murhu take, da tukunyar tuwon suna a kai. Ni na yi mata wanka, ban sami inda zan kama ba. Audu an ce ya rasu a hanyar karatu. A rafi ne, ruwan da bai kai ƙugu ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Maza suka ce a rufe, don darajar gida. Mu da muka wanke su muka rufe."

Na fito na koma sashenmu. Kwalin Ticha yana naɗe a ɗakin Malam, an kawo masa ya duba sunaye kafin lacca. Na warware shi, na ɗauki baƙin biro, na rubuta kalma ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin jajayen sunayen nan, na mayar na naɗe. Na gaya wa Malam abin da Goggo ta ce, ya ce tsufa ne, ajali kuma ba ya wuce lokacinsa. Na ce to ya bar ni in riƙa ɗebo masa ruwa. Ya ce ba a kansa za a fara karya al'adar gida ba.

Daga ranar na koma mai gadin rijiya. Na kwaso wankin da ba shi da datti na zauna a bakinta. Duk sanda ya ɗauki guga ina bayansa, taku biyu. Matan gida suna ta ƙus-ƙus, wai na zama jela.

Asabar ta zo. An yi kiran azahar, ya fito da farar riga sabuwar guga, ya naɗe hannu, ya zura guga. Ya ja sau ɗaya, sau biyu. Sai igiya ta tsaya. Na ga hancinsa ya buɗe.

"Asabe, kin ji..."

Bai ƙarasa ba. Wannan karon babu murmushi. Wata ƙara ya yi wadda ban taɓa ji daga bakin mutum ba, ya sandare, ya tafi gaba. Na yi tsalle na cafki mazagin wandonsa ta baya da hannu biyu. Nauyinsa ya ja ni, gwiwoyina suka daki bakin rijiya, na ji kafaɗata ta yi ƙas. Rabinsa yana ciki, kansa a ƙasa, yana fizga, ni ma ina zamewa a kan laka. Na ji guga ya faɗa ruwa can ƙasa. Ina ihu, mata sun fito sun tsaya nesa suna salati, kowace tana tsoron yawu. Yatsuna suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ina ji ina gani.

Sai wasu hannaye suka rungumi ƙafafunsa. Ticha ne, ya zo ɗaukarsa zuwa lacca. Muka ja tare muka zube baya mu uku. Na kwantar da shi ta gefe da hannun da ya rage mini, na zauna ina riƙe da kansa har fizgar ta lafa. Goshinsa ya fashe, farar rigar ta zama ja da laka.

Ticha yana durƙushe yana haki, yana cewa, "Bai taɓa yin irin wannan ba, bai taɓa ba." Na tashi na shiga ɗaki, na ɗauko kwalin na jefa masa. Ya warware. A ƙarƙashin Malam Buba, rijiya. A ƙarƙashin Ladi, murhu. A ƙarƙashin Baba Audu, rafi. Ya ɗaga kai ya dubi Goggo Dije da ke tsaye da sanda a ƙofarta, ta gyaɗa masa kai.

Na ce, "Na huɗun na bar shi babu komai. Saura ƙiris ka cike shi yau. Je ka yi laccarka."

Bai je ba. Shi ya nemo mota, shi ya kwana a barandar asibiti. Ni aka mayar mini da kafaɗa, har yau ba na iya ɗaga tulu da hannun dama.

Kwana na uku Malam ya dawo hayyacinsa sosai. Na miƙa masa ƙwaya ya riƙe ta yana kallo, ya ce, "In na sha, ba zan sake gani ba." A nan ne Allah ya ba ni amsar da na rasa ranar da ya tambaye ni a kan buzu. Na tuna masa da ubana, Bakambare daga wajen Auna, wanda da gemunsa ya musulunta a hannun wani mai sayar da gishiri. Babu malami ko ɗaya a kakanninsa, ba shi da sunan da za a zagaye da jan biro. Har ya rasu bai taɓa ganin haske ba, bai kuma taɓa fashin asuba ba, ko ranar da kunama ta harbe shi a hanyar masallaci.

Na ce, "Malam, in a jini abin yake, shi a ina ya samo nasa? Ni fa?"

Ya ce in ba shi ruwa. Ya sha, ya buɗe mini tafin hannunsa duka biyu.

Ba zan yi ƙarya in ce daɗin nan ya dawo masa ba. Ya gaya mini har yanzu yana kewarsa, wani lokaci in an yi ruwan farko na gaske sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. An mayar da shi aikin ofis, an sayar da babur. Rijiyar Kaka an ɗaga bakinta har ƙirji an sa murfi, bayan rigimar da ta kai wata guda, kuma ni nake ɗebo masa ruwan alwala, masu magana sun gaji sun bari. Abin da bai bari ba shi ne salla. Ko ana ganin Allah a na'ura ko ba a gani, ba ni da ilmin da zan yi gardama da masu mujalla. Abin da na sani, wanda ya jingina imaninsa da takardar asibiti, ranar da takardar ta canza zai rasa madafa, kuma kafin nan yana iya rasa ɗan'uwansa.

Shekara biyu bayan haka, wata safiya cikin rani, na ji sallama a ƙofar sashenmu. Ticha ne, riƙe da hannun 'yarsa Bilki mai shekara goma sha huɗu. Babu mujalla, babu kwali.

Ya ce, "Yaya Asabe." Bai taɓa kirana haka ba. "Jiya tana wanke-wanke ta tambayi uwarta ko ta ji ƙamshin ruwa. Wace rana ce likitan nan yake ganin mutane?"

Kafin in buɗe baki Malam ya fito daga ɗaki, yana saka kwalbar maganinsa a aljihu. Ya dafa kan yarinyar ya ce, "Talata. Je ka nemo mana mota, ni zan raka ku, na san layin."